Ba Kowane Kuɗi Ne Tallafi Ba: Darasin Fassara Daga Kurmin Libreville

Wanda ya bar tsakiyar Libreville, babban birnin Gabon, ya miƙi hanyar arewa zuwa Cap Estérias, ba zai yi nisa ba gidaje za su fara raguwa, kurmi ya tsaya masa dama da hagu. Wannan shi ne kurmin Mondah, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa ta keɓe a 1951. A cikinsa akwai 'yan turbobi da aka share aka yi wa alama, inda mutanen birni kan je ranakun hutu su taka a ƙarƙashin dogayen itatuwan okume, su sha iska, su koma gida kafin duhu. Tun 2012 ake kiran babban ɓangaren kurmin da sunan André Raponda-Walker, ɗan Gabon na farko da ya zama fada a cocin Katolika, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1968. Sunan ya dace da ɗalibin harshe, domin mutumin ya rubuta ƙamus na harshen Mpongwe, kuma a 1961 shi da Roger Sillans suka fitar da littafi a kan tsirran Gabon masu amfani, inda aka kawo sunayensu a harsunan ƙasar tare da abin da ake yi da kowanne.

Turbar ƙafa a cikin kurmi abu ce mai sauƙi a ido. Amma kafin a sa adda a sari reshe ɗaya, takardu iri biyu sun riga sun wuce: waɗanda suka faɗi inda kuɗin aikin ya fito, da waɗanda suka faɗi ko an yarda a yi shi a wurin. A Gabon da Faransanci ake rubuta su. Sai dai akwai Hausawa a ƙasar, waɗanda kakanninsu suka shigo ta Kamaru suka zauna a garuruwan arewa kamar Bitam da Oyem, ga kuma 'yan kasuwa daga Nijar da Nijeriya da ke hada-hada a Libreville. Ban da su, gidajen rediyo masu watsa shiri da Hausa kan kawo labarin Gabon duk lokacin da aka sa hannu a wata yarjejeniyar muhalli. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, irin kalmomin nan ne dai ke cikin takardun ayyukan dashen itatuwa da gyaran ƙasa a Katsina da Maraɗi da Damagaram. Kuskuren da aka yi a kan kurmin Gabon, shi za a maimaita a kan gonar wani a Jibiya.

Abin da ke faruwa a mafi yawan fassarori shi ne, kalmomi uku sun zama buhun da ake zuba kome a ciki. Kowace irin turba hanya ce, kowane irin kuɗi tallafi ne, kowane irin bincike kuma ya ƙare da "an amince". Babu ƙarya a fili cikin ko ɗaya, amma mai sauraro yakan tashi bai san wa zai biya ba, wa ke da ikon hanawa, kuma me za a rasa. Ya kamata mai fassara ya auna kowace kalma ta wannan fanni da waɗannan tambayoyi uku kafin ya duba ƙamus. Hausa ba ta rasa kalmomin da za su amsa su ba. Gaggawa ce ke sa a bar su a ajiye.

A fara da turbar kanta. Hausa ta bambanta hanyoyi tun kafin zuwan mota: akwai gwadabe mai faɗi, akwai turba, akwai lungu da kwararo a cikin gari, akwai titi wanda aka aro daga baya, akwai kuma burtali da labi, inda dabbobi ke bi. Burtali ya fi sauran ban sha'awa a nan, domin ba siffar hanya kaɗai yake nunawa ba, yana ɗauke da hukunci: an san masu haƙƙin bi, an san iyakarsa, kuma manomin da ya ci shi da garma ya san ya jawo magana. Abin da Faransanci ke kira sentier a takardun kurmin Mondah yana da irin wannan nauyi. Hanya ce ta ƙafa wadda aka ƙayyade wa masu bi da abin da za su iya yi, kuma sau da yawa ba ta zuwa ko'ina, zagayawa take ta dawo inda ta fara. Idan aka ce "za a yi hanya a cikin kurmi", Bahaushe zai ga katafila da tsakuwa da kwalta, ɗan kasuwa ya fara lissafin fili a bakinta. Turbar shaƙatawa ta fi dacewa, ko turbar ƙafa idan ana son a jaddada cewa babur ma ba ya shiga.

Akwai kuma bambancin da ke tsakanin buɗe turba da kula da ita, wanda takardun kuɗi ke raba wa gida biyu. Na farko aiki ne na lokaci ɗaya: sara, kafa alluna, ɗora 'yar gada a kan rafi. Na biyu ba ya ƙarewa. Ruwan saman Libreville yana kusantar milimita 3,000 a shekara, wato ya ninka na Maraɗi sau biyar ko fiye, kuma a irin wannan wuri katako yana ruɓewa, itace yana faɗuwa ya tare hanya, ciyawa tana mayar da abin da aka ƙwace mata. Masu ba da kuɗi daga waje sun fi son na farko, domin shi ne ake yanka ƙyalle a kansa. Mai fassarar da ya haɗe su duka biyu a cikin kalmar "gyara" ya ɓoye tambayar da ta fi kowace tsada, wato wa zai riƙa biyan masu share turbar bayan an rufe littafin aikin.

Kuɗi ne inda ɓarnar ta fi yawa. A asali tallafi aikin hannu ne: a tallafi abin da zai faɗi, a tallafi yaro a ƙirji. Kalmar tana da taushi, kuma duk wanda ya ji ta ya ji cewa wani ya yi alheri, babu abin da za a mayar. Saboda wannan taushi ne jami'ai ke son ta. Amma Hausa tana da kyauta, da gudummawa, da agaji, da rance, da bashi, da lamuni, da jingina, da jari, da kafin alƙalami, kowacce da wurin zamanta, kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ba zai taɓa rikita biyu daga cikinsu ba. Abin mamaki ne a ce harshen da ya iya wannan rarrabewa a rumfar kasuwa ya kasa yinta a labarin ƙarfe bakwai.

Kuɗin da ya shafi kurmin Mondah misali ne mai kyau. A 2008 Faransa da Gabon suka ƙulla yarjejeniya a kan Yuro miliyan 50 na bashin da Faransa ke bin Gabon. Ba a yafe bashin a ce kowa ya kama gabansa ba. An shirya ne cewa kuɗin da Gabon za ta biya, maimakon su tafi Paris, a kashe su a cikin Gabon a kan ayyukan kula da dazuzzuka, waɗanda ƙasashen biyu za su zaɓa tare, hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, tana bin sawun aikin. Daga wannan asusu ne aka ɗauki nauyin shirin Arc d'Émeraude, wanda ya haɗa wurare uku da suka yi wa Libreville ƙawanya: gandun dajin Akanda, da na Pongara a ƙetaren bakin kogin Komo, da kurmin Raponda-Walker. Daga cikin manufofinsa akwai buɗe wa mutanen birni wuraren shaƙatawa da ilmantarwa. To, me za a kira wannan kuɗi? Wanda ya ce "Faransa ta ba Gabon tallafi" ya manta cewa daga baitulmalin Gabon kuɗin ke fita. Wanda ya ce "Faransa ta yafe bashi" ya manta cewa Gabon ba ta da ikon kashe su a kan asibiti ko albashi. Juya bashi zuwa aiki ya fi kusa da gaskiya, kuma mai sauraro zai gane shi nan take, domin ya san mai bin bashin da kan ce wa wanda yake bi: bar kuɗin, zo ka yi mini gini da su. Bambancin kawai, a nan ginin a gidan wanda ake bi ake yin sa.

A watan Agustan 2023, makonni kaɗan kafin sojoji su karɓi mulki a Libreville, Gabon ta kammala wata yarjejeniyar mai kama da wannan a suna, amma daban a aiki. An karɓi sabon bashi na Dala miliyan 500, da taimakon ƙungiyar The Nature Conservancy da inshorar wata hukumar gwamnatin Amurka, aka sayi tsofaffin takardun bashin ƙasar da shi. Abin da aka yi hasashen zai tafi ga kare teku shi ne kimanin Dala miliyan 163 a cikin shekara 15. Kanun labarin da ya ce "Gabon ta sami tallafin Dala miliyan 500 don kare teku" ya yi kuskure sau biyu a jumla ɗaya: kuɗin bashi ne, kuma ba dukansu ne na teku ba. Musayar bashi ce, an sauya tsoho da sabo mai sharaɗi. Wani nau'in kuma shi ne na Norway, wadda a 2019 ta yi alkawarin biyan Gabon har Dala miliyan 150 a cikin shekara 10 idan aka tabbatar ta rage sare daji da hayaƙin da ke biyo bayansa. Kashin farko, Dala miliyan 17, ya fito a 2021. Wannan lada ne, biya bayan an ga aiki, kuma kalmar "har" da ke gaban adadin ita ce rabin labarin. Mai fassarar da ya jefar da ita don jumla ta yi gajarta ya mayar da alkawari mai sharaɗi kuɗin hannu.

Ba sai an je Gabon ba kafin a ga amfanin wannan. Shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin arewacin Nijeriya, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, Dala miliyan 700 ne, kuma rance ne mai sauƙin sharaɗi. Sauƙin sharaɗi ba ya mayar da rance kyauta. Yaran da ke firamare yau suna cikin masu biya, kuma iyayensu suna da haƙƙin su ji kalmar da ta faɗi haka.

Sauran kalmomin kuɗin an fi ganin su a fili a Amurka, inda ake da asusu na musamman don turbobin shaƙatawa tun daga wata dokar sufuri ta 1991. Kuɗinsa daga harajin man fetur yake, na ababen hawan da ba sa bin titi, kamar baburan daji da motocin kan ƙanƙara. Ana raba wa jihohi, kuma doka ta ce kashi 30 cikin ɗari na turbobin masu inji ne, kashi 30 na marasa inji, kashi 40 na masu amfani iri-iri. Abu biyu a tsarin suna da amfani ga ɗalibin fassara. Na farko, gwamnatin tarayya ba ta cika biyan fiye da kashi 80 ba, sauran sai mai neman kuɗin ya kawo. Wannan shi ne abin da Faransanci ke kira contrepartie, kuma 'yan Nijeriya sun san shi ta hukumar UBEC, inda kuɗin makarantu kan zauna a Abuja saboda jiha ba ta ajiye nata kason ba. Kason mai karɓa ya isa fassara. Sau da yawa ana yarda a lissafa aikin sa-kai da kayan da aka bayar a matsayin wannan kaso, kuma a nan Hausa tana da kalmar da ta fi ta Turai kyau: gayya ce, sai dai gayyar da aka yi wa kuɗi aka rubuta a takarda. Na biyu, ba a ba da kuɗin a gaba. Mai aiki ne zai kashe nasa, ya kai rasit, a mayar masa. Ƙungiyar ƙauye da aka gaya wa "an ba ku tallafi" za ta zauna jiran kafin alƙalami wanda ba zai zo ba. Da an ce mata "za a mayar muku da abin da kuka kashe", da ta san cewa sai ta nemo jari tukuna.

Sai ɓangare na biyu, na binciken muhalli. Mai karatu zai iya tambaya, wace illa ce turbar da ba ta fi taku biyu faɗi ba za ta yi wa kurmi? Ƙafa tana daddale ƙasa, ruwa ya bi turbar ya mayar da ita kwazazzabo. Turbar da aka buɗe wa mai shan iska ta buɗu ga mai farauta da mai saran itace. A gaɓar Pongara kuwa, inda manyan kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai daga wajen Nuwamba zuwa Maris, fitilar masauki ɗaya na iya rikita 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su nufi tudu maimakon ruwa. Akanda da Pongara duka suna cikin gandun daji 13 da Shugaba Omar Bongo ya kafa a 2002, kuma dukiyar Akanda ita ce itatuwan da ke tsiro a cikin ruwan gishiri a bakin teku, waɗanda ake kira mangrove. (Ɗalibi ya kiyaye: ba su da dangantaka da mangwaro, kome kamar sunan.)

Dokoki sun raba binciken zuwa matakai gwargwadon girman aiki. A Gabon, inda dokar kare muhalli ta yanzu ta 2014 ce, akwai cikakken nazari, étude d'impact, ga manyan ayyuka, akwai kuma taƙaitaccen bayani, notice d'impact, ga ƙanana. A Amurka, ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a 1970, matakan uku ne, kuma mafi yawan ayyukan turba suna faɗawa a na ƙasa, wato rukunin ayyukan da aka riga aka yanke cewa irinsu ba su cika yin babbar illa ba. Wannan matakin ne ya fi saurin yaudarar mai fassara, domin sunansa yana kama da "an yafe bincike". Ba a yafe ba. Har yanzu sai an duba ko turbar ta ratsa fadama, ko kufai mai tarihi, ko mazaunin wata dabba da ke gab da ƙarewa, kuma idan ta ratsa, aikin ya hau mataki na gaba. Rukunin ayyuka masu sauƙin bincike ya fi aminci. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1992, bayan abin kunyar sharar guba da aka jibge a Koko a 1988, Nijar kuma tana da ofishi na musamman, BNEE, mai duba irin waɗannan rahotanni. Ko'ina dai tambayar ɗaya ce: wane mataki aka bi? "An gudanar da bincike" ba ta amsa ta ba.

Kalmar da ke tsakiyar fannin ita ce impact, kuma an saba fassara ta da tasiri. Wannan daidai ne a sunan takardar, nazarin tasiri ga muhalli, domin tasiri na iya zama alheri ko akasinsa, kuma rahoton yana lissafa duka biyun. Amma a cikin rahoton, idan aka zo ga abin da zai lalace, illa ce, idan kuma ya riga ya lalace kuma akwai mai laifi, ɓarna ce, kalmar da duk wanda ya taɓa zama a gaban mai gari kan shanun da suka shiga gona ya san tana tafe da biya. Matakan magance illa huɗu ne, kuma a jere suke: a kauce mata, in ba hali a rage ta, in ta auku a gyara wurin, in ba ya gyaruwa a yi madadi a wani wuri. Ba a tsallaka zuwa na huɗu sai ukun farko sun gagara. Fassarar da ta ce "za a ɗauki matakai" ta shafe jerin gaba ɗaya. Kuma madadi daban yake da diyya. Madadi kurmi ake yi wa, a dasa ko a kare wani wurin. Diyya mutum ake biya, wanda ya rasa gona ko wurin kamun kifi. Faransanci kan yi amfani da compensation ga duka biyun, Hausa kuwa ba ta da dalilin gadon wannan ruɗani.

Dokokin Gabon sun tanadi wani yanki a kewayen kowane gandun daji, mai faɗin aƙalla kilomita 5, wanda ake kira zone tampon. Mai bin ƙamus kalma da kalma zai sha wuya, domin tampon na nufin toshiya, yana kuma nufin hatimin ofis. Ga Hausa da hurumi, filin da ake bari a kewayen gari ba a nomawa ba a ginawa sai da izini, kalmar da har ta shiga maganar shari'a, inda ake cewa abu kaza ba hurumin wane ba ne. Hurumin gandu ya faɗi wurin, ya kuma faɗi cewa akwai mai iko da shi. Dokar gandun daji ta 2007, wadda ta kafa hukumar ANPN, ta wajabta nazarin tasiri ga ayyuka irin su haƙar ma'adinai da yanka filaye da gine-ginen yawon buɗe ido a yankunan da ke kewaye da gandu. Akwai kuma kalmar da tarihin Mondah ya sa ta zama dole a sani, déclassement, wato cire wani yanki daga cikin gandu ta hanyar doka. Kurmin da aka keɓe a 1951 ya fi wanda ake gani yau girma, domin birni ya yi ta matsowa, masu haƙar yashi da masu neman fili suna ci daga gefe, hukuma kuma tana sake shata iyaka. Idan aka fassara wannan da "sake fasali" ko "gyaran iyaka", an yi wa asara kwalliya. Zare kariya ne, ko fitar da fili daga gandu, kuma mai sauraro ya cancanci ya ji cewa wani abu ya ragu.

Wuri na ƙarshe, kuma mafi haɗari, shi ne inda mutane suka shigo. Kurmin nan ba kango ba ne. Akwai ƙauyuka a gefensa, akwai 'yan ƙabilar Benga a Cap Estérias, akwai masunta a bakin Akanda. Takardu kan ce an yi consultation da su. Hausa tana da matakai uku a nan, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Sanarwa ita ce a gaya wa mutane abin da za a yi. Tuntuɓa ita ce a ji ta bakinsu, ba tare da alkawarin bin abin da suka ce ba. Yarda ita ce su iya cewa a'a kuma a fasa. Yawancin dokokin nazarin tasiri tuntuɓa suka wajabta. Yarda ta son rai, kafin a fara aiki, bayan an yi cikakken bayani, ita ce ma'aunin da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin wuri ta kafa, kuma ba kowane aiki ke kai wa gare ta ba. Mai fassarar da ya tsaya a gaban taron ƙauye ya ce "an zo neman amincewarku", alhali an zo tuntuɓa ne kawai, ya yi alkawarin da ba nasa ba, kuma shi za a tuna ranar da aka kafa allo. Haka abin yake tsakanin hukumomi. Dokar mulki ta Faransanci ta bambanta avis simple, ra'ayin da ake nema amma ba dole a bi ba, da avis conforme, wanda ba a wucewa sai da shi. Na farko shawara ce. Na biyu sahalewa ce. Hausawa na cewa shawara ɗaukar ɗaki, amma ba kowane wanda ya kama ɗakin ne ke faɗin inda za a ajiye shi ba.

Akwai masu ganin duk wannan ƙaƙale ne, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Mai karanta labarai yana da daƙiƙa talatin, ba zai ce "juya bashi zuwa aiki bisa zaɓin ƙasashen biyu" sau uku ba. Gaskiya ne, amma sau ɗaya ya isa, daga nan sai ya ce "kuɗin". Kuma rance bai fi tallafi tsawo ba. Wasu kuma na cewa Bahaushen Libreville ya ji Faransanci, na Kano kuma ya saba da kalmomin Ingilishi, don haka a aro kawai kamar yadda aka aro mota da asibiti. Aro ba laifi ba ne idan abin yana gaban ido, domin wanda ya ga mota ya san mota. Sharaɗin kwangila kuwa ba a ganinsa, kuma kalmar aro a nan takan zama murfi: kowa ya gyaɗa kai, babu wanda ya tambaya. Hujja ta uku ta fi ƙarfi, cewa idan kowane mai fassara ya ƙirƙiri tasa kalmar za a sami ruɗani, gara a jira cibiyoyi kamar ta nazarin harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero su daidaita. Daidaitawa tana da kyau kuma ana buƙatarta. Sai dai kusan duk kalmomin da aka kawo a sama tsofaffi ne, suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, ba sa jiran izinin kowa. Waɗanda suka ce Majalisar Ɗinkin Duniya ba su bi kalmomin Ingilishi ɗaya bayan ɗaya ba, aikin majalisar suka duba, kuma sunan ya zauna har yau.

Ga jumla ɗaya ta gwaji, irin wadda ɗalibi zai iya cin karo da ita a kowace takardar aiki. Fassarar gaggawa za ta ce: "An sami tallafi don gyara hanyoyi a dajin, bayan bincike da amincewar jama'a." Idan aka bi takardar da tambayoyin nan uku, abin da take faɗi na iya zama: "Da kuɗin bashin da aka juya zuwa aiki za a buɗe turbobin ƙafa a kurmin, bayan taƙaitaccen bayanin tasiri da tuntuɓar ƙauyukan da ke kewaye. Kuɗin kula da turbobin ba ya cikin wannan kaso." Ta biyun ta ninka ta farko tsawo, har da ɗoriya. Mai sauraron ta farko ba shi da abin tambaya. Na ta biyu yana da aƙalla uku: me ya sa ba a yi cikakken nazari ba, me ƙauyukan suka ce da aka tuntuɓe su, kuma daga wane asusu za a biya mai adda idan damina ta wuce.